Wa Ya Ba Ku Ikon Hura Mini Usur a Rumfar Zaɓe?

Zuwa ga Alhaji Yusha'u Mai Albasa,
Shugaban Kwamitin Zaɓe,
Ƙungiyar Zumuntar Fatake da 'Yan Dako,
Sabo, Ibadan.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da mutanen shago. Yaya kasuwa, yaya ruwan nan da ya hana mu sakat, yaya kuma gajiyar zaɓe? Ina gaida sauran 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Da gangan na ja gaisuwar, Alhaji, tunda a kan takarda babu mai tsaye a kaina da agogo.

Sunana Haladu Dogo. Ɗan dako ne ni a Kasuwar Bodija, shekarata ashirin da uku a Sabo, kuma ina riƙe da katin ƙungiya tun lokacin da ake rubuta shi da biro. Ko ba ka riƙe sunana ba ka san fuskata, domin bayana ya sha ɗaukar buhunan albasarka daga mota zuwa rumfa. Karatun bokona a aji huɗu ya tsaya. A hankali nake karatu, a hankali nake rubutu, takardar nan ma kwana huɗu na yi a kanta. Idan ka ga kuskure a rubutun ka yi haƙuri da shi, amma maganar da ke ciki na tabbatar da ita kafin in rubuta.

Sau biyu na zo shagonka don mu yi maganar nan daga ni sai kai. Zuwan farko aka ce ka tafi Ojoo tarbar mota. Zuwa na biyu aka ce kana hutawa, alhali ina jin muryarka daga ciki kana ciniki a waya. To, shi ke nan. Abin da aka yi mini a bainar jama'a aka yi shi, saboda haka zan manna wannan takarda a allon sanarwa na ƙungiya, in kai ɗaya tashar Ojoo, in kai ɗaya rumfar 'yan dako a Bodija. Mai iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.

Ƙorafina a taƙaice shi ne: a zaɓen da aka yi ranar Asabar, mako biyu ke nan, kwamitinka ya yanke wa kowane mai zaɓe minti biyu. Aka hura mini usur ban gama ba, aka yaye labule, aka ga wanda na zaɓa. Sanadin haka yau ba ni da ɗakin kwana, aikina kuma ya ja baya. Ina so ka nuna mini inda dokar ƙungiya ta ba ku wannan iko.

Na ɗaya. Bari in tuna maka dalilin da ya sa aka kafa labulen nan tun farko, don na ga alamar an manta. Da can ƙato bayan ƙato muke yi. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Ga fatake wannan ba abin damuwa ba ne, kowa da gidansa da jarinsa. Mu kuwa 'yan dako yawancinmu a gidajen fatake muke kwana, da kayansu muke cin abinci. Ta yaya mutumin da ke kwana a ɗakin zauren maigida zai je ya tsaya a bayan abokin hamayyar maigidan, ido na ganin ido? Sai ka ga layi ya cika maƙil da mutanen da ƙafarsu ke nan, zuciyarsu na wancan layin. Shekara da shekaru muka yi muna roƙo a taro, ana cewa mun cika mita, kafin aka yarda a koma takarda da akwati da labule. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka amince. Kai ma kana wurin, har ka yi jawabi mai daɗi a kan cewa daga yau talaka zai zaɓi son ransa babu tsoro. Ni na ɗauki jawabin nan da gaske, abin da ya jawo mini ke nan.

Na biyu. Ga abin da ya faru ranar, daki-daki, don kada wani ya ce an ƙara gishiri.

Na iso harabar makarantar islamiyyar da aka yi zaɓen wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bayan na sauke motar safe. A layi na fara jin labarin minti biyu. Malam Kabiru, sakataren kwamitinka, shi ya sanar da lasifika tun da safe, waɗanda suka zo daga baya kuwa a bakin 'yan layi suka tsinta. Yana rataye da usur a wuya irin na alƙalin wasan ƙwallo, wayarsa a hannu tana ƙirga lokaci. Abin da bai bayyana ba, sai da muka gani da ido, shi ne agogon ba daga shiga rumfa yake farawa ba. Daga kiran suna yake farawa.

Ka tuna yadda kuka jera wurin. Ga teburinku inda ake nuna kati a karɓi takarda. Ga rumfar zaɓe can gefe, an yi ta da tamfol mai kauri. A tsakaninsu kuma, daidai kan hanyar da dole mutum ya bi, kuka ajiye benci kuka zaunar da wakilan 'yan takara da dattawa. A kan bencin nan akwai maigidana Alhaji Tanko, wanda nake zaune a gidansa shekara goma sha huɗu. Shi ne wakilin ƙanensa Alhaji Sabi'u, shugaba mai ci, wanda ke takara da Malam Nuhu direba.

Aka kira sunana, na nuna kati, na karɓi takarda, na taho. To Alhaji, don girman Allah ka gaya mini, wane Bahaushe ne zai tarar da maigidansa a zaune ya wuce shi tsaye da takalmi? Na tuɓe takalmina na durƙusa. Kuma ka san ƙa'ida ba sai na koya maka ba: wanda ya durƙusa ba shi ke yanke gaisuwa ba, babba ne ke sallamarsa. Alhaji Tanko mutum ne da in ka gaishe shi a gida, “yauwa” kawai yake cewa idonsa na kan rediyo. Ranar nan kuwa gaisuwa ta zo masa. Ya tambayi maiɗakina, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi gona, ya tambayi ko ruwa ya sauka a garinmu. Har jikin mahaifiyata ya tambaya, baiwar Allah da shi da kansa ya yi mini ta'aziyyarta bara. Ina durƙushe ina “lafiya lau, Alhaji, alhamdu lillahi, Alhaji,” ina jin lokacina na tsiyayewa, babu damar in miƙe.

Da ya sallame ni na zura takalmi na faɗa rumfa. Ciki duhu, ga hadari ya haɗo, wayoyin da za mu haska da su kuma kun karɓe a bakin ƙofa. Muƙamai biyar ne a takardar, sunaye da ƙananan baƙaƙe, hotunan kuwa injin ya ƙona su har duk 'yan takarar suka koma mutum ɗaya mai hula. Na kai takardar gefen da haske ke ɗan shigowa, na bi layin farko da yatsa har na gane sunan da nake nema, na yi bisimilla na dangwala. Ban kai ga layi na biyu ba sai usur.

Na ɗaga murya na ce saura huɗu, a ɗan yi mini haƙuri. Sai Malam Kabiru ya ce, “Oya Baba, taim don rich! E jade, e jade, akwai mutane a baya,” wato lokaci ya cika, in fito. Kafin in rufe baki ya yaye labulen, ya zare takardar daga hannuna a buɗe, ya ɗaga ta sama wai zai ninke. Fuskar takardar tana kallon benci. Tawadar ko bushewa ba ta yi ba, tana ƙyalli. Alhaji Tanko ya dubi takardar, ya dube ni, ya gyara zaman hularsa. Wani daga layi ya ce alabaru ya maƙale, wato ɗan dako, aka kwashe da dariya. Wallahi na sha faɗuwa da kaya a tsakiyar kasuwa, ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokaci ba.

Ban tafi ba. Na koma gindin bango na tsaya ina kallo har aka rufe akwati, kuma ga abin da idona ya gani. Matasan da aka haifa a nan, masu wuce benci da ɗaga hannu da “sannunku,” duk sun gama a kan lokaci. Waɗanda aka san suna tare da shugaba mai ci, da sun fara sunkuyawa sai a ce musu “je ka, je ka, Allah ya yi albarka.” Mu da ake tantama a kanmu mu muka sha doguwar gaisuwa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Baba Iro, dattijon da ya riga ni fara dako da shekaru, yana kokawar mayar da takalminsa aka hura masa usur. Ko labulen bai taɓa ba. Aka karɓi takardarsa fara fat aka jefa a akwati, ya juya yana tambayar mutane ko ya yi zaɓen ke nan. Sannan na ga wani babban falke ya shiga rumfar ya daɗe har na ɗauka sallah yake yi a ciki, usur kuwa yana kwance a ƙirjin Malam Kabiru, shi kuma yana duba sama ko ruwa zai sauko.

Ban ce an shirya ba, Allah ne ya san abin da ke cikin zuciya. Amma ko an shirya ko ba a shirya ba, kun kafa dokar da mai ladabi ne ke faɗuwa a cikinta, mai wuce manya tsaye shi ke tsira.

Na uku, kuma nan ne gundarin maganar. Ina da kundin tsarin mulkin ƙungiyarmu, wanda aka raba mana shekarar da aka koma akwati. Na bi babin zaɓe da yatsa, layi-layi, sau uku. Don kada a ce ɗan aji huɗu ne bai gane ba, na ɗauka na kai wa wani tsohon malamin makaranta a Mokola, ya karanta mini na Turancin ya fassara. Da na Hausar da na Turancin maganarsu ɗaya. Babin ya ce zaɓe a asirce ake yin sa. Ya ce duk mai kati da ya shiga layi kafin a rufe yana da ikon jefa ƙuri'arsa. Ya ce ba a sauya ƙa'idar zaɓe sai a babban taro da amincewar 'yan ƙungiya. Babu minti a ciki, babu daƙiƙa, babu usur.

Saboda haka nake tambaya, kuma ina son amsa a rubuce. A wane taro aka kawo maganar minti biyu? Wa ya kawo ta, wa ya goyi baya, su wa suka ɗaga hannu? Ban taɓa fashin babban taro ba sai lokacin da na kwanta ciwo, shi ma na tambayi abin da aka tattauna. Idan kuwa a shagonka kuka zauna ku huɗu da lemo a gabanku kuka yanke, to wannan shawara ce ta mutum huɗu, ba dokar ƙungiya ba ce, kuma ba ta hau kaina ba.

Na san inda za ku fake. Akwai layin da ya ce kwamiti ne ke tsara yadda zaɓe zai gudana. Na gan shi, ban tsallake ba. Tsari shi ne ku ce ga inda layi zai bi, ga lokacin buɗewa, ga lokacin rufewa, tsofaffi su fara. Amma ku karɓe takarda daga hannun mutum bai gama ba, ku jefa muƙamai huɗu babu zaɓinsa, wannan ƙwace ne. Ku yaye labule yana ciki, wannan kuma karya babin ne da kansa, babin da aka naɗa ku don ku tsare. Kwamiti ba ya fin dokar da ta haife shi.

Na ji Malam Kabiru yana gaya wa mutane a wurin mai shayi cewa ai a wasu ƙasashe ma ana yanke wa mai zaɓe lokaci. Wataƙila haka ne, ni ban taɓa wuce Legas ba. Amma na tabbata in suna yi, a rubuce yake a dokarsu, kowa ya sani tun kafin ranar, kuma ban yi tsammanin suna ajiye maigidan mutum a kan hanya ya tambaye shi lafiyar mamaci ba. Zaɓen gwamnati kuwa na sha yi a nan Sabo, rana ta dake mu, layi ya kai bakin titi, an yi cacar baki, an yi ture-ture. Duk da haka ban taɓa ganin an tsaya a kan tsoho da usur ba. Abin da ban gani a zaɓen ƙasa ba, ban ga dalilin da zan haɗiye shi a zaɓen ƙungiyar da muka gina da guminmu ba.

Na huɗu. Ba zan yi muku rashin adalci ba, na ji uzurinku. An ce hadari ya haɗo, an ce motocin kaya na jira a Ojoo, an ce ana so a gama kafin la'asar. An kuma ce a zaɓen baya wasu sun shiga rumfa sun yi zamansu kamar sun je ziyara. Duk gaskiya ne, ni ma na tsaya a layin nan ƙafata ta yi tsami. Mai jinkiri da gangan a yi masa magana, babu wanda zai hana.

Amma yaya aka auna minti biyun? An gaya mini Malam Kabiru ne ya gwada da kansa a ofis, ya gama cikin minti ɗaya, sai aka ninka wai don a tausaya wa tsofaffi. Mutumin da ya buga takardar da hannunsa, ya san inda kowane suna yake ko ido rufe, ga fitila a kansa, babu takalmin cirewa, babu maigidan gaisarwa. Da shi kuka auna Baba Iro. Ko mu da ba mu yi karatu ba, in za mu faɗa wa mai kaya lokacin da za mu isa, da tafiyar mai buhu a ka muke lissafi, ba da ta mai tafiya hannu sake ba.

Sannan maganar ƙarancin lokaci, Alhaji, mu ji tsoron Allah. An rufe akwati da sauran kusan awa guda kafin kiran la'asar. Ina tsaye aka kawo muku amala da nama a kuloli, kuka ci kuka wanke hannu, kuka zauna jiran mai hoto. Ruwan ma bai sauko ba sai washegari. Lokacin da kuka ci amala da shi ya ishi duk wanda aka hura wa usur ya koma ya gama zaɓensa har ya yi addu'a.

Na biyar. Ga abin da minti biyunku ya jawo mini. Ranar Talata, kwana uku da zaɓe, Alhaji Tanko ya aiko mini cewa yana bukatar ɗakin zai zuba kaya. Ɗakin da ko buhu goma ba zai ɗauka ba, ga shi da rumbuna biyu a Bodija. Ban yi musu ba. Na naɗe tabarmata, na ɗauki akwatina da rediyona da gammona, na loda a baron da nake dako da shi, na turo ta tsakiyar Sabo da rana tsaka mutane na kallo. Na tura kayan mutane a baron nan shekara da shekaru, ranar ce na fara tura nawa. Yanzu a kusurwar ɗakin Baba Iro nake raɓe, mu huɗu, in ɗaya zai juya sai ya nemi izini.

A kasuwa kuma, motar Alhaji Tanko in ta iso sai a kira kowa a tsallake ni. Abokansa fatake su ma sun fara kawar da kai, ba don na yi musu komai ba, sai don kada a gan su da ni. Da ba don matan Yarabawa masu sarin barkono da tumatir ba, waɗanda babu ruwansu da siyasarmu, suke ƙwala mini kira “Dogo, wa gbe eru,” in zo in ɗauki kaya, da ban san abin da zan aika gida ba. Ina da mata da 'ya'ya biyar a Arewa, ba su san usur ba, ba su san benci ba, ni kawai suka sani.

Kada a ɗauka ƙarar Alhaji Tanko na kawo. Gidansa ne, ya zaunar da wanda ya so, ya tashi wanda ya so. Ya yi mini alheri a zamanmu, lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni shi ya sa aka kai ni asibiti, kuma ba zan manta ba har in mutu. Ransa ya ɓaci don ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Aikin hana shi gani kuwa naku ne, don shi aka ba ku akwati da labule. Da kun tsare amanarku, da yau ina ɗakina, shi yana ganin girmana, ina ganin nasa, kowa da abin da ke cikin ransa. Ku kuka raba mu.

Abin da nake nema, ba roƙo nake yi ba, haƙƙina ne na ɗan ƙungiya mai kati:

Ka fito a babban taro mai zuwa ka karanta mana layin da ya halatta minti biyu. In babu shi, ka faɗa da bakinka cewa babu, a rubuta a littafin taro.

Duk wanda aka hura wa usur bai gama ba, a ba shi dama ya jefa ƙuri'arsa cikakkiya. In hakan na nufin a sake zaɓen gaba ɗaya, a sake. Ban damu da wanda zai ci ba, in Alhaji Sabi'u ya sake ci da ƙuri'ar kowa, ni zan fara yi masa murna. An ce mini ƙorafi yana da wa'adi kuma ya wuce. Wa'adin nan shi ma na neme shi a kundi ban gan shi ba, ko shi ma a shago aka yanke?

Nan gaba a ɗauke benci daga kan hanya, wakilai su zauna inda mai zaɓe ba zai bi ta gabansu ba. A yi rumfa biyu, a sa fitila, a buga sunaye da manyan baƙaƙe har da ajami. In ana ganin dole sai an sa lokaci, a kawo maganar gaban taro mu yi gardama a kai, mu ma mu ɗaga hannu ko mu ƙi. Labule kuwa, muddin da mutum a ciki, kada hannun kowa ya ƙara taɓa shi.

Malam Kabiru ya je har ɗaki ya ba Baba Iro haƙuri. Ni na yafe nawa, amma dattijon nan har yau yana tambaya ko an ƙirga tasa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ƙarasa takardar nan bayan na kusa yaga ta. Shekaranjiya wani dattijo mai son zaman lafiya ya same ni a Bodija da saƙo daga Alhaji Tanko. Ya ce in zo zaure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in faɗa a gaban mutane cewa kuskure ne, duhu da usur ne suka ruɗa ni yatsana ya zame. In na faɗi haka za a miƙo mini makullin ɗakina, in koma kan motocinsa, magana ta mutu. Ya ce, “Haladu, kalma ɗaya ce fa, kuma kowa ya san an yi duhu, kowa ya ji usur.”

Ba zan ɓoye maka ba, na wuni ina juya maganar a raina, har na ɗauki buhun wata mata na kai rumfar da ba tata ba. Ina son ɗakina. Shekarata hamsin da huɗu, bayana ba ya jure kwanan matsi, kuma babu wanda zai zarge ni in na faɗa. Dokarku ta minti biyu ta ƙwace mini ƙuri'a huɗu, yanzu kuma ta miƙo mini ƙaryar da zan sayar da ta biyar.

To ga amsata, a nan zan ba da ita kowa ya gani, kada dattijon ya sha wahalar dawowa. Duhu an yi, usur an hura, amma yatsana bai zame ba. Na bi sunan harafi-harafi sai da na tabbatar, sannan na dangwala. Malam Nuhu direba na zaɓa, don shi ne ya tsayar da motarsa ya ɗauki ɗan'uwanmu da buhu ya karya wa ƙafa, lokacin da masu kayan ke tambayar ko albasa ta fashe. Ita kaɗai ce ƙuri'ar da kuka bar ni na jefa, kuma ba zan tsaya a zauren kowa in ce ba tawa ba ce. Alhaji Tanko ya riƙe makullinsa, na gode da zaman da muka yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa kasuwarka albarka, ya shirya maka zuri'a. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a gaban taro ko da za ta ɓata wa abokai rai. Allah ya haɗa kan ƙungiyarmu, fatake da 'yan dako, ya sa mu gama da duniya lafiya. Ina jiran amsarka.

Wassalam.

Naka,
Haladu Dogo, ɗan dako.
Ba ni da adireshi a halin yanzu. In amsa ta fito, a kawo rumfar 'yan dako a Bodija, a tambayi Dogo.